Na Cire Lambar Sirrin Kwamfutarka, Yaya

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina sanar da kai cewa yau na yi abin da ka hana. Na cire lambar sirrin kwamfutarka. Yanzu ana kunna ta sai ta buɗe, ba ta tambayar kowa komai.

Na san da kana nan da ka harare ni ta saman tabarau. Tsaya ka ji tukuna.

Ka tuna yadda kake yi a shagonka na unguwar Sersouf, nan Tamanrasset. Duk baƙon da ya sauka daga Damagaram ko Maraɗi neman aikin gini, kafin ya shanye shayinsa ka ɗauki hoton katin shaidarsa, ka rubuta a kwamfutar sunansa na yanka, da ƙauyensu, da lambar wani a gida. Maganarka kullum ɗaya ce: "Amanar mutane ce, ba a barin ta a buɗe." Tsoronka kada ta faɗa hannun da zai cuce su. Ko ni ba ka taɓa faɗa mini lambar ba, wai bakina ba ya riƙe magana. Da gaskiyarka kuwa.

Sati uku bayan rasuwarka, wani magini ya faɗo daga bene a shantiye, wurin aikin gini. Dogo kowa ke ce masa. Shekara biyu muna cin abinci kwano ɗaya da shi, amma babu wanda ya san sunan ubansa balle garinsu. Wayarsa ta farfashe a aljihunsa. Muka yi masa sutura, muka dawo muka zagaye kwamfutarka. Na gwada sunan Inna, na gwada na ƴaƴanka, na gwada shekarar haihuwarka, ta ƙi. Wallahi Yaya, ranar na ji haushinka. Kana kabari ina jin haushinka, Allah ya yafe mini.

Sai bayan wata biyu muka samu mai gyara a kasuwar Assihar da ya buɗe ta bai goge komai ba. Ta hoto muka gane Dogo. Ashe Issufu ne sunansa, daga wani ƙauye gabas da Tasawa. Na kira lambar, mahaifiyarsa ta ɗauka. Tun ban faɗi abin da ya sa na kira ba ta roƙe ni in ce masa in fushi yake ya yi haƙuri, ya kira ta ko gaisuwa ce. Matarsa kuwa wata biyu tana kwalliyarta, ba ta san mijinta ya rasu ba balle ta shiga takaba.

Ban raina tsoronka ba, na daɗe ina juya shi. Amma a garin nan da za ka gaisa da mutum da safe, da la'asar a ce hukuma ta kwashe shi ko Allah ya yi masa cikawa, bai kamata hanyar gidajen mutane ta tsaya a kan mutum ɗaya ba. Kwamfutar tana cikin akwatin ƙarfe a shago. Mu uku ke da makulli, ni da liman da Alhaji Mamman mai shagon kusa da mu.

Da na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ka rubuta kowa ban da ni. Na gane, Yaya. A ganinka kana nan, kai da kanka za ka kai labarina gida. Ɗazu na zauna a kujerarka na rubuta sunana a ƙarshe, da garinmu, da lambar Inna.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Issufu, ya haskaka makwancinku. Mu da muka saura, Allah ya sa a san inda za a kai labarinmu.

Ƙanenka mai kewarka,
Laminu
Tamanrasset