A Daina Tambayar Ikrama Ko Zai Je

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da mutanen Rijiyar Lemo. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau nake a Glasgow. Rana ce dai ba ta zumunci a garin nan.

Na ji Baba zai cire Yaya Ikrama daga shagon ɗinkin Oga Ugochukwu a Sabon Gari, wai ba ya so, tunda kullum sai an tura shi. Amma ke kika ce da fara'a yake dawowa. Abin da nake karantawa ke nan, Inna: mai ciwon ƙwaƙwalwa irin na Yaya, sikizofireniya, yana jin daɗin abu, sai dai daɗin jiya ba ya tayar da shi yau. Faɗa kuwa yana zama masa daram a rai, kuma gidanmu akwai gwanayen faɗa.

Don Allah a daina tambayarsa, "Za ka je?" Zaɓin ne ke yi masa nauyi. Idan ya sha magani, ki miƙa masa takalmansa, ki ce Oga yana jira.

Ki faɗa wa Baba shawararki ce. Digirina bai taɓa cin gardama a gidanmu ba.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Raudha