Hannun Hagun Ramatu

Kurfi, daren Talata, watan Rajab, shekara ta tara da zuwan Nasara.

Yau na zubar da jinin malami a zaurena, kuma ban yi nadama ba.

Ramatu, 'yar shekara huɗu cikin yaran da nake koya wa karatu, bahaguwa ce. Da hagu take bin babbaƙu a allo, kuma ta riga sa'o'inta gane haruffa. Na ƙyale ta, domin ƙaramin yaro da lallashi ake juya shi. Da hantsi Malam Sule, ɗan ƙanena, ya shigo ya gan ta. Ya danne hannun a ƙasa, ya yi ta tsula mata tsumagiya har fatar yatsunta ta fashe. Ɗaya daga cikin sauran yaran ya saki fitsari.

Na ɗaga sandata na rafka masa a goshi. Jini ya gangaro har gemunsa.

Ya ce, "Gwaggo, sunan Allah hwa taka taɓawa da hagu."

Na ce, "Kai da na wanke wa kashi za ka koya mini ladabin Alƙur'ani? Fita."

Ya rantse zai kai ni gaban alƙali a raba ni da yaran. To, ya kai ni mana. Babu littafin da alƙalin ya karanta wanda ban karanta ba.

Abin da ya hana ni barci dabam ne. Da la'asar na miƙa wa Ramatu allonta. Ta cusa hannuwanta biyu a hammata, ta kau da kai daga harafin da jiya take yi wa waƙa.