Faratan Amaryar Aliero

Jega Firchin, Asabar

Zuwa ga Yaya Aliya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Legas? Mu nan lafiya lau.

Na rubuto ne don a waya Inna tana jin komai. Yaya, sana'ar farcen da kika koya mani tana neman mutuwa. Wata mata ta tambayi Baba a makarantarsa ko alwala tana yiwuwa da jel a farce, ya ce ba ta yiwuwa, ruwa ba ya taɓa farcen. Sai ta ce ai ɗiyarsa ce ta shafa mata. Kin san Baba, bai ɗaga murya ba. Ya ce dai abin da ke raba mace da salla ba zai fita daga gidansa ba. Gaskiya gare shi, shi ya sa na kasa barci.

Na roƙe shi ya bar ni zuwa bikin Ihsan, ɗiyar amininsa Alhaji Magaji na Aliero, don na riga na yi mata alkawarin gyaran farce. Ya yarda, da sharaɗin in ban samu hanyar da za ta yi salla ba, daga ranar na daina.

Ga dabarata. Ba zan shafa jel a hannu ba. Zan shafa shi a faratan roba, in gasa su daban, mace ta manna, ta cire in za ta yi alwala. Amma fitilata ta gasa jel ba za ta iya ba: yatsa huɗu take ɗauka, kuma in an ɗauke wuta ta mutu. Ki nemo mani mai batir, wadda gindinta ke cirewa, mai ƙwayayen haske sama da gefe, wadda ke gasa kowane irin jel. Kada mai shago ya ruɗe ki da kyan jiki. Ki sa shi ya kunna, ki leƙa ciki ki ga ko hasken ya kai lungu-lungu. Ki ba Alu direba in ya sauke albasa.

Ƙanwarki,
Iklima

Jega Firchin, Laraba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin autarki? Fitila ta iso, Allah ya saka. Ta yi daidai, har na rungumi kwalinta Inna tana yi mani dariya.

Sai dai na fara da ɓarna. Na shimfiɗa tabarma tsakar gida inda muke ƙunshi, na manta hasken rana ma yana daskarar da jel. Kafin in gama farce uku burushin ya zama ƙaya. Na koma ɗaki. Nan kuma na lafta jel da kauri don sauri, sama ya bushe, ciki ya tsaya danƙo, ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Yanzu siriri-siriri nake shafawa, ina gasa kowane shafi.

Abin ɗora faratan ne ya gagare ni, har na ga karan dawa a murhu. Na yanka shi guntu-guntu, na kafa farce a kan kowane, na jera su a faranti, na cire gindin fitilar na kifa ta a kansu. Goma a tashi ɗaya, Yaya, har gefensu ya gasu.

Na je Aliero na auna yatsun Ihsan da ƙawayenta. Ta ce in na sa ta ji kunya gaban dangin miji na Maiyama, sai ta jefe ni da ruɓaɓɓiyar albasa. Baba bai tambaye ni komai ba, amma ya ce Gwaggo Balaraba za ta raka ni bikin. Kin san ita ba ta ƙara gishiri a labari, ba ta kuma ragewa.

Ki sa ni a addu'a.
Iklima

Aliero, Lahadi

Yaya Aliya,

Ina gaishe ki da murna, da fatan kowa lafiya. Alhamdu lillahi!

Ranar ɗaurin aure babu wuta a garin tun safe. Wata ƙawar amarya ta taka farcenta ɗaya na roba ya tsage, ta fara kuka. Na kunna fitila da batir na gasa mata sabo kafin ta gama share ido.

Da aka kira la'asar na zuba wa amarya ido. Ihsan ta miƙe gaban kowa, ta ɓalle faratanta ɗaya bayan ɗaya ta zuba a tasa, ta murje ɗan mannin da ya riƙe su, ta ɗauki buta. Ƙawayen suka bi ta. Gwaggo ta kama hannun amarya ta dudduba yatsa-yatsa, ta kankara da nata farcen. Aka yi salla, na sa masu sabon manni, suka koma gaban mai hoto. Matan Maiyama suka yi mani ca, wata daga Karaye tana jan mayafina wai sai na auna ta tukuna.

Baba yana zaure tare da Alhaji Magaji. Gwaggo ta same shi can ta gaya masa abin da ta gani, bayan haka ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa gabansa. Ya karɓi farce ɗaya ya juya shi a tafinsa, ya tambaye ni ko kowace mace za ta iya cirewa da kanta ko da ba na wurin. Na ce za ta iya. Ya ce to in ci gaba, in kuma riƙa gaya wa kowacce ta goge mannin sarai kafin alwala. Sannan ya sa mani albarka gaban Alhaji.

Gobe zan bi amarya Maiyama, akwai hannaye suna jirana. Ki aiko mani da faratan roba da manni, da yawa.

Ki gaida maigida da yara.
Ƙanwarki mai sana'a,
Iklima