Motar da Inna Ke Gani da Kunne

Haɗeja, 9 ga Nuwamba, 1954

Zuwa ga Yaya Barira,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Usman da yara da mutanen Jahun baki ɗaya. Yaya gajiyar kaka? Mu nan sai godiya. Malam, na san kai ke karanta mata, ka yi haƙuri da rubutun direba.

Bayan haka, wani abu ya hana ni sakat. An duba idon Inna, an ce yanar ido ce, kuma a Kano ana cire ta mutum ya gani. Kin san ba za ta shiga jirgin ƙasa ba, tun da ya tafi da Yaya Hamman yaƙin Bama bai dawo da shi ba. Ta ce in dai Kano ce, sai ni zan tuƙa ta. To motata Dinya kuwa, ko Kaugama ba ta kaiwa sai ta tafasa sau uku.

Ba ki taɓa ganinta ba. Tsohuwar a-kori-kura ce da na samo a bayan wani kantin gyaɗa, kaji na ƙwai a cikinta. Na ɗaga ƙafafunta, kafinta ya yi mata bodin katako, na lanƙwaso salansa ta miƙe sama don kada ruwa ya shiga. Shi ya sa take ratsa fadama da damina, inda sauran motoci ke tsayawa suna kallo. Shi ya sa kuma take wani shaƙaƙƙen kuka da babu mai irinsa.

Duk Alhamis in na tafi Baturiya ɗauko bandar kifi, tun ina wajen gorubobin nan Inna ke jiyo ta, ta lallaɓo ƙofar gida ta tsaya. Shekara shida ke nan da kunne take tarbata. Ni kuma na yi laifi. Da ta tambaye ni kamannin motar, na ce mata koriya ce shar, fitilunta kamar farin wata, kujerarta ta jar fata. Yaya, da igiya nake ɗaure ƙofarta.

Gwadabe mai fataucin kifi yana da wata mota lafiyayya. Ya ce ba aro, ba haya, sai dai musaya, in cika masa da bijimina. Dinya yake so saboda damina. Har yau ban ba shi amsa ba.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Haɗeja, 2 ga Disamba, 1954

Yaya Barira,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji saƙonki, kuma na san gaskiya kika faɗa cewa idon Inna ya fi mota, ko da yake kin faɗe ta da zafi kamar kullum.

Shekaranjiya da hantsi na kai Dinya fadama, tafiyar ban kwana. Ruwa ya ja baya, ya bar tafkuna nan da can cike da bado. Na kashe ta, na hau bodi na kishingiɗa. Katakon yana ƙamshin kifi da hayaƙi, kirinjijiya na ta shawagi a kaina, har gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai na ga Dinya tana tafiya a bisa ruwa, ba ƙara, ba girgiza, bado na buɗa mata hanya. Kuma koriya ce, kamar yadda na yi ƙarya. Inna na gefena tana nuna mini tsuntsaye da yatsa, tana faɗin sunan kowanne. Da na farka na lura ko a mafarkin ba motar na fi kallo ba, idon Inna nake kallo.

Daga nan gidan Gwadabe na zarce. Na yi hawaye da na miƙa masa ita. Kada ki gaya wa kowa. Malam, kai ma haka.

Sabuwar ba ta da laifi, sai dai shiru gare ta kamar amarya. Yau na je Baturiya da ita, na tarar da ƙofar gida wayam. Sai da na yi sallama kamar baƙo. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Jibi za mu kama hanyar Kano. A taya mu da addu'a.

Naki,
Auta

Baturiya, 14 ga Janairu, 1955

Yaya Barira,

Ina gaishe ki da murna, da fatan kun kwana lafiya. Alhamdu lillahi, idon dama ya buɗe. Abu na farko da Inna ta faɗa da ta gan ni shi ne na yi sanƙo irin na Baba. Yanzu sai ta wuni tana kallon abubuwa, kaba, tukunya, tafin hannunta.

Jiya Alhamis muna zaune a tsakar gida ina ɓare mata gyaɗa, sai ga kukan nan daga wajen gorubobi. Zumbur ta miƙe tana cewa ga Auta nan, alhali gwiwata na taɓa tata. Ta nufi ƙofa, na bi ta a baya.

Ga Dinya ta taho, Gwadabe a ciki. Tsatsa ta cinye ta, fitila ɗaya, igiya na reto a ƙofa. Inna ta dube ta daga gaba har baya. Ta juyo ta yi mini kallo ɗaya, irin wanda rabona da shi shekara shida, na ji kamar in nutse. Sai ta rufe idanunta duka biyu, har da wanda muka je Kano dominsa, ta tsaya tana murmushi har kukan ya ɓace a bayan gari. Sannan ta ce mini tana nan koriya yadda ta san ta.

Da yamma na sami Gwadabe na roƙe shi abu guda. Na ce ya gyara duk abin da ya ga dama a jikinta, amma don Allah kada ya taɓa salansar.

Ki zo Inna ta gan ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai sanƙo,
Auta