Kan Tirelar da Modu Yake Son Saya

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri na dame ka. Ina fatan kana lafiya, da Yagana da yara. Yaya ƙafar taka? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan Dala, alhamdu lillahi.

Maganar ɗanka Modu ce. Tun rasuwar babansa bodin tirelar nan ke ajiye. Yanzu ya samo kai mai taya shida, yana so ya haɗa ya riƙa kai wake Kudu, kuma shi zai tuƙa. Ranar Asabar ya gwada a hanyar Damaturu, ya dawo yana murna.

Ya ce, "Mama, kamar ba ya jan komai."

Na ce, "Ai babu komai a cikin bodin, Modu."

Ni ban san mota ba, kuma ina tsoron faɗin abin da ba ni da ilminsa. Amma na sha jin marigayi yana cewa ƙasar Borno a shimfiɗe take, ba ta nuna ƙarfin kai ko birkinsa, sai an yi lodi an shiga gangaren Filato. Shi mai taya goma kawai yake haɗa wa bodin nan.

Da na faɗa wa Modu, ya ce sai abin da kai Kawunsa ka ce, tunda kai ne tsohon direba. Mai sayar da kan ya ba shi wa'adi zuwa Juma'a.

Idan tsorona ne kawai, ka gaya mini, in sa masa albarka. Idan ba haka ba, ka hana shi. Shi kaɗai ya rage mini.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa. Don Allah ka ba ni amsa kafin Juma'a.

Ƙanwarka,
Falmata