Wasan da Na Zaɓa a Magama

Magama, Jibiya
4 ga Satumba, 2023

Maman Mutmainna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mutmainna da Inna. Yaya ƙafar Inna, ta sassauta? Wayata ta faɗa cikin ruwa ta mutu, shi ya sa kika ga takarda a hannun Lawwali direba.

Yau wata guda ke nan tirelata tana tsaye a layi, tun da aka rufe iyaka. Mai kaya ya ce kada in motsa. Na wanke motar har na gaji. Nakan taka zuwa shingen kwastan in dawo, in zauna, in sake tashi. Ko hira ta ƙare mana, kowa ya ba da labarinsa sau uku.

Shekaranjiya ina neman reza a jaka na ci karo da ambulan ɗin da kika cusa mini: ɗan ludon nan mai fuska ashirin, da labarai uku na wasan da kike ja wa ƙannenki ranar Lahadi. Na tuna tsiyar da nake miki cewa wasan 'yan jami'a ne. To, ga shi na tara 'yan wasa biyu. Akwai Zunnuraini, direba ɗan Maraɗi, wanda gidansu bai fi tafiyar awa ɗaya ba amma ba damar barin mota. Akwai Silas mai faci, wanda aikinsa ya tsaya tunda ba tayar da ke juyawa. Na yi musu bayani yadda kike yi: kowa zai zama mutum ɗaya a cikin labarin, ni in faɗi abin da suka tarar, su faɗi abin da za su yi, ɗan ludo ya yanke ko sun dace.

Abin da ya dame ni shi ne zaɓi. Labarin ayarin fatake zama shida ne, kuma ana iya buɗe hanya gobe, ba na son fara abin da ba za mu gama ba. Na rijiyar da ta ƙafe zama ɗaya ne, amma kacici-kacici ya yi yawa, za su gudu. Saura na matar maƙeri da mahara suka ɗauke. Zama uku ne, an tsara shi don 'yan matakin farko, wato sababbin shiga, ga faɗa ga guje-guje. Zuciyata ta fi karkata can. Ki ba ni shawara, ke ce gwanar.

Ki shafa mini kan Mutmainna.

Mijinki,
Mahmudu


11 ga Satumba

Maman Mutmainna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa.

Amsarki ta iso ranar Asabar, ni kuwa na yi ɓarnar tun ranar Alhamis. Kin rubuta cewa kafin in zaɓi komai in tambayi 'yan wasan abin da ba sa son ji. Da na jira ki.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a inuwar tirela. Zunnuraini ya zama bafatake mai bakin ciniki, Silas ya zama maharbi. Farko abin ya yi armashi, har direbobi suka kewaye mu suna ba da shawara. Sai na kai inda maƙeri ya dawo daga kasuwa ya tarar da takalmin matarsa guda ɗaya a bakin gona. Na ce wa Silas ya jefa don bin sawu. Ya jefa, biyu ta fito. Na ce, “Sawun ya ɓace maka.” Ya daɗe yana kallon ɗan ludon, sannan ya miƙe, ya sa takalminsa ya tafi.

Mai shayi ne ya ja ni gefe. Ashe Silas daga wani ƙauye yake ta wajen Farfaru. Bara da kaka 'yan bindiga suka ɗauke yayarsa Sarai a gonar gyaɗa. Shi ya bi sawu kwana biyu. Har yau ba labarinta.

Maman Mutmainna, wata guda ina shan shayi da mutumin nan ban taɓa tambayarsa me ya kawo shi gari ba. A Kano labarin nan tatsuniya ce, ni kuma na ɗauko shi na karanta a Jibiya kamar ban san inda nake ba. Kwana huɗu ke nan rumfar facin Silas a rufe. Na je ƙofar gidan da yake haya sau biyu, na juyo ban yi sallama ba. Ni abinci ma ba ya shiga mini. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Mahmudu


19 ga Satumba

Maman Mutmainna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya, ya makarantar Mutmainna?

Na bi maganarki na je na sami Silas. Na ba shi haƙuri, na ce zan yaga takardun, in ma yana so mu koma labarin rijiya. Ya ƙi. Ya ce, “Mahmudu, kai ka sa aka ɗauke ta, yanzu kuma ka bar ta can? Za mu ƙarasa.” Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in tausaya masa in murɗe lissafi. A fili za a yi kowace jifa.

Mun yi zama biyu. Ban taɓa jin tsoron ɗan ludo irin na wannan karon ba. Kin san 'yan matakin farko, sara biyu ya kwantar da su, kuma maharan tara ne. Takardarki ta tanadi faɗa a ƙofar kogon da maharan suke, amma Silas ya ce mahaukaci ne kawai ke tunkarar ƙofa. Ya tambaye ni inda suke ɗebo ruwa, da ta inda iska ke kaɗawa, da lokacin da suke cin abinci. Rabin amsoshin a take na ƙirƙiro su. Zunnuraini ya shiga sansanin a matsayin mai sayar da gishiri, ya cika su da surutu yana cakuɗa Faransanci, har 'yan kallo suka riƙe ciki. Silas kuma ya zagaya ta rafi. Jifar ƙarshe, ta kuɓutar da matar, ana neman sha biyu ko sama. Silas ya jefa, sha huɗu ta fito.

Direbobi suka ɗau ihu. Ni kuma na karanta layin ƙarshe, cewa matar ta fito tana kuka tana godiya. Silas ya girgiza kai.

Ya ce, “Ba haka za ta ce ba.”

Na ce to me za ta ce?

Ya ce, “Cewa za ta yi, sai yanzu ka ga damar zuwa? Wa ka bar wa awakina?”

Ya yi dariya, hawaye na zuba, bai share ba. Na ɗauki biro na soke layinki na rubuta nasa, ki yafe mini taɓa miki takarda.

Har yanzu hanya a rufe take. Ki gaida Inna da ƙannenki, ki ce wa Mutmainna Babanta yana kewarta. Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki mai begenki,
Mahmudu