Usur ɗin Ɗan Doka da Ƙafafun Matata

Zuwa ga Mai Girma Di'o mai kula da ƙasar Kazaure.

Bayan gaisuwa da ladabi, ranka ya daɗe, ni ne Malam Habu na Babura, wanda ya gama makarantar Midil da yabo, kuma har yau ba a tuna da shi a wajen rabon aiki. Ba wannan ya kawo ni ba, kodayake ban manta ba.

Na farko. Matata Tabawa ita ce yarinyar da matar Di'on da ya gabace ka ta gani tana bin rago a kasuwa, ta kama shi, furar da ke kanta ba ta zube ba. Aka koya mata ta zabura da zarar ta ji usur. Aka ɗauke ta a motar gwamnati zuwa ƙasar da Faransa ke mulka a tsallaken iyaka, ta yi tsere da 'yan matan Magarya, ta bar su a baya. Aka kai ta Damagaram, ta maimaita. Kumandan Faransawa na can ya ba ta bargo da wani kofi mai hannu biyu, wanda yanzu muke auna gero da shi. Ni mai Turanci ban taɓa wuce Kano ba. A garin nan ma sunana ya zama Mijin Barewa. Na haƙura.

Na biyu. Ta daina gudu tun kafin aurenmu. Yanzu ga furfura, ga gwiwa mai ciwo. Amma an koya mata tashi, ba wanda ya koya mata dainawa.

Na uku, kuma shi ne kukana. An kawo sabon ɗan doka an tsayar a bakin ƙofarmu, da sabon usur. Yana busa wa jaki, yana busa wa keke. Duk busawar da ya yi, Tabawa ta saki abin da ke hannunta ta yi waje. Abin da ke hannun nata kuwa galibi abincina ne. Koko ya zube, tuwo ya kife, akushin da na gada ya tsage biyu. Ran kasuwa ta miƙi hanyar arewa ba waiwaye, sai da masu gadin Faransa suka tare ta a kan iyaka. Wani tsoho a cikinsu ya gane ta, suka tafa mata, suka dawo da ita a kan raƙumi. Ni na kwana da yunwa.

Roƙona shi ne a karɓe usur ɗin a ba ɗan dokan ƙararrawa. In dokar Ingila ta hana, a umarce shi ya riƙa leƙowa, in ya ga kwano ya sauka a gabana, ya busa son ransa. Ba gudunta nake ƙi ba, ita ma ta ce gwiwar tana sauƙi.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare maka tuwonka har ya iso gabanka.

Wassalam.

Malam Habu, Babura.